Yadda Za Ka Kwantar da Hankalinka Idan Ranka Ya Ɓaci

Da farko, kame bakinka. Maganar da ta fito cikin zafin rai ba ta komawa ciki, kuma ita ce ke jawo da-na-sani.

Na biyu, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali ta baki kana ƙirga 6. Maimaita sau 5. Kada ka raina wannan mataki. Idan fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo, bugun zuciya yakan lafa, kafaɗu su saki.

Na uku, in kana tsaye zauna, ko ka bar wurin na ɗan lokaci.

Sai ka ɗauki takarda ka raba ta biyu. Gefe ɗaya rubuta abin da ya faru, ɗaya gefen abin da zuciya ta ƙara masa. "Bai ɗauki wayata ba" shi ne abin da ya faru. "Ya raina ni" zato ne. A ganina, zaton ne ya fi cin rai.

Daga ƙarshe, zaɓi abu ɗaya da ke hannunka ka yi shi yau. Amsar da kake son mayarwa kuwa, bar ta ta kwana.