Kurakuran da baƙi ke ta maimaitawa in sun zo yawon ƙafa a Solna

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Duk wanda ya sauka Stockholm, ɗalibi ne ko mai ziyara, sai ya ce in kai shi ya ga Hagaparken, wato lambun Haga, da tsohuwar cocin Solna, garin da ke manne da Stockholm, kuma kusan kowa ramin da na faɗa shekarata ta farko a Suwidin shi yake faɗawa.

Babban kuskuren shi ne raina ƙanƙara. Ba wadda ke zubowa fara tas nake nufi ba, wannan ai kana ganinta. Wadda ke narkewa da rana, dare ya yi ta sake daskarewa ta zama kamar gilashi a kan hanya, ita ce muguwar. Wata Janairu na fito da kambas ɗina mai sulɓin ƙasa, na bi gangaren da ke sauka bakin tafkin Brunnsviken, ina ta kallon gine-ginen tagullar nan na lambun Haga masu siffar tanti, masu shuɗi da ruwan zinare da aka yi wa Sarki Gustav na 3, ban ankara ba sai ji na nai a ƙasa, hannun dama na kai in tare, tsintsiyar hannun ta karye. Sati shida hannuna a ɗaure, cokali ma da hagu nake riƙewa, alwala kuwa sai wanda ya gani. Shi ya sa in na ga mutum ya fito da takalmin gayu a watan sanyi raina ɓaci yake. Ɗan'uwa, wa kake wa gayun? Akwai wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake saƙalawa a ƙasan takalmi, su suna ce mata broddar, ba ta da tsada, ni tun daga Nuwamba har ƙarshen Maris tana cikin aljihun rigar sanyina. Wasu na cewa ta tsofaffi ce. Su faɗa. In za ka shiga coci ko shago dai ka cire, tana ɓata daɓe.

Na biyu, fitowa a makare. A Disamba kafin ƙarfe 3 na rana ta faɗi, sai mutum ya tsaya shan shayi da hira har azahar sannan ya ce mu tafi. Mu tafi ina? Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa uku suke haɗuwa lokacin, kana isa lambun duhu ya kawo kai ga salla na bin ka. Ni ƙarfe 9 da rabi nake barin gida da alwalata da 'yar darduma a jaka.

Sannan son a gama komai rana ɗaya. Zagayen Brunnsviken kaɗai kusan kilomita 12 ne, amma za ka ji wani ya lissafa Haga da fadar Ulriksdal da ta Karlberg wai duk yau. Haba malam. Yadda nake yi, in fara da cocin Solna, wadda zagayayyen ɓangarenta na dutse tun wajen 1180 yake tsaye, in shiga maƙabartar Norra begravningsplatsen da ke maƙwabtaka da ita inda kabarin Alfred Nobel yake, in tsallaka zuwa Haga, shi ke nan. Ulriksdal ranarta daban.

Kuma don Allah in kun shiga maƙabartar nan ku rage murya. Na taɓa kai wasu samari, suna ta kiran bidiyo da ƙyaƙyata dariya, ga wata dattijuwa durƙushe tana kunna kyandir a kan kabari, ta ɗago ta kalle mu ba ta ce uffan ba, har yau kallon nan na damuna. Ba addininmu ɗaya ba amma mamaci mamaci ne. Cocin ma ba kullum take buɗe ba, wani lokacin jana'iza ake, a duba lokaci kafin a taso.

Fadar Haga gidan mutane ce, Gimbiya Victoria mai jiran gado da iyalinta ke ciki tun 2010, kar ka je kana leƙen shinge. Abin da ya cancanci ƙafarka yana cikin itatuwa, harsashin ƙatuwar fadar da Gustav na 3 ya fara ginawa, aka harbe shi a 1792 aikin ya tsaya cak. Yawanci wucewa suke ba su ma san yana wurin ba, ni kuwa nan na fi daɗewa.

Sauran ƙanana ne. Tashar Solna ta jirgin ƙasa daban, Solna centrum ta jirgin ƙarƙashin ƙasa daban. Ka riƙe katin banki, wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Kar ka taka layin masu keke. Da bazara kuma in ka zauna cikin ciyawa ka duba ƙafafunka da daddare, akwai kaska.