Kurakuran da sabbin masu bonsai ke yi wajen aski

Na gaji da ganin hoto iri ɗaya a WhatsApp wallahi. Mutum ya turo mini ɗan itacensa cikin kasko, ya aske shi tas kamar kan jinjiri ranar suna, sannan ya ce "Yaya, mi ya sa bai toho ba?" Satin nan kaɗai mutum uku suka yi mini wannan tambaya. Bonsai dai aikin mutanen Japan ne, su ma daga Sin suka ɗauko shi, kuma itace ne na gaske kamar wanda ke bakin hanya, aski da ƙaramin kasko ne ke riƙe shi ƙarami. To askin nan shi ne wurin da ake kashe shi.

Babban abin da ke cinye itacen mutane a nan Yamai shi ne lokaci, kuma ni ma shi ya ci ni. Ina da wata tsamiya da na shuka daga ƙwallo, shekara 5 ina rainonta, gindinta ya kai kaurin babban yatsa, ɓawon ya fara tsagewa irin na tsohuwar tsamiya. Sai na kalli wani bidiyo na wani Bature a YouTube cikin watan Afrilu yana cewa yanzu ne lokacin yanka, ban tsaya na yi tunani ba cewa Afrilu can ƙasarsu sanyi ne ya wuce, itace na farkawa, mu kuwa nan tsakiyar bazara ce, zafi ya haura 40, siminti na ƙona ƙafa. Na cire fiye da rabin rassa, ranar nan kuma na tumɓuke ta na rage saiwa, na maida ta tsakar gida cikin rana. Kafin kwana goma rassan sun fara bushewa daga baki suna gangarowa, kullum da asuba in kankare ɓawon da farce in ga ko akwai kore, sai in tarar da ruwan ƙasa. Tsoro ya sa na dinga zuba mata ruwa safe da yamma, alhali ba ganyen da zai ja ruwan, sauran saiwar ta ruɓe. Ranar da na ciro ta wari take yi. Har yau in na wuce gindin tsamiya sai abin ya dawo mini.

Tun daga nan ba na taɓa almakashi don babban aski sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, in na ga sabon toho da idona. Ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a zama guda. Saiwa da reshe kuma ba na haɗa su rana ɗaya, na san akwai masu haɗawa kuma yana yi musu, ni dai sai na bar sati shida tsakani. Bayan aski itacen ya yi sati biyu ƙarƙashin rumfa, ruwa kaɗan, sai na tura yatsa na ji ƙasar ta sha iska. Kuka kuwa in ta zubar da ganye da rani ba mutuwa ta yi ba, ku ƙyale ta, kar ku yanke, kar ku cika ta da ruwa. Gawo shi nasa a juye yake, da damina yake zubar da ganye, kar ku bi wannan lissafin a kansa.

Na biyu shi ne gaggawa, kuma a nan zan yi faɗa. Ka sayo ɗan ceɗiya wurin masu saida shuke-shuke a bakin kogi, jikinta kamar fensir, ka sa ta a kasko mai faɗin tafin hannu, duk ganyen da ya leƙo ka tsinke, haba ƙanena, da mi za ta yi ƙiba? Ganye ne ke ciyar da gindi. In ka ci gaba haka shekara goma ma fensir za ka gani. Ka samo tsohon bokiti ko daro ka huda ƙasansa, ko ka dasa ta a ƙasa gaba ɗaya, ka bar ta shekara 2 ko 3 ta yi haukarta. Ni har reshe ɗaya nake bari can ƙasa ya yi ta tsawo yadda ya ga dama, mummuna ne, baƙi na tambaya, amma shi ke kumbura gindin, in ya gama aikinsa in cire shi. Sai gindi ya yi sannan ake maganar siffa: reshe ya fitar da ganye 6 zuwa 8, ka maida shi 2. Kuma saman itace ya fi ƙasa haɗama, can za ka fi matsa wa, in ba haka ba rassan ƙasa su rame su mutu, su kuma ba su dawowa da sauƙi.

Sauran ƙanana ne. Almakashin ɗinki da ya dakushe murƙushe reshe yake yi, a wasa shi, a goge da alkol na farmasi kafin a koma wani itace. Kar a yanka dab da ido, wato wurin da toho ke fitowa, a bar ɗan guntu ya bushe. Rassa biyu da suka fito daidai da juna hagu da dama, ɗaya ya tafi, haka wanda ya juya ciki. Wayar ƙarfe da kuka sayo kasuwar Katako kuka naɗe reshe don lanƙwasa shi, da damina ku duba ta duk sati, ceɗiya na saurin haɗiye ta kuma tabon na daɗewa.

Masu shukar karya, wadda ake kira adeniyum, ruwan jikinta dafi ne, ku wanke hannu kafin ku taɓa ido, kar yara su ɗauki guntayen. In na yanke ta garin gawayi nake barbaɗawa a bakin, in ɗauke ta daga inda ruwan sama zai same ta har wurin ya bushe ƙamas, wajen kwana biyar.