Idan lis ɗin ayyukanka ya fara ba ka tsoro, ga yadda za ka sake masa fasali

Na daɗe ina wani abu da nake ɗauka shi ne tsari. Duk abin da ya faɗo min a rai sai in zuba shi a lis ɗaya a waya, daga "kira wane" zuwa "koyon tuƙi" har da "rage danne-dannen waya da daddare", duk wuri guda, kullum lis sai ƙara tsawo yake har ta kai in na buɗe shi gabana faɗuwa yake, sai in rufe in koma Facebook abina. Da abin ya ishe ni sai in ce ai manhajar ce ba ta da kyau, in sauke wata, in ɓata awa biyu ina jera kaloli da folda-folda, bayan sati biyu a koma gidan jiya. An bar jaki ana dukan taiki kenan. Sai daga baya na gane abubuwa uku ne mabambanta na cusa a rami ɗaya: abin da nake so kar in manta, abin da ke da ƙayyadadden lokaci, da abin da zan yi yau. Kowanne wurinsa daban ya kamata ya zama.

Fara da juye komai. Samu takarda da biro ko ka buɗe sabon shafi a waya, ka ba kanka kamar minti ashirin, duk abin da ke maka yawo a ka ka rubuta, babba da ƙarami, kar ka tsaya tacewa. Wannan ita ce ma'ajiyarka, kuma ba laifi ta yi tsawo, don ba ita za ka riƙa kallo kullum ba. Akwai dalilin da ya sa abin da ba ka ƙarasa ba yake ta dawo maka lokacin da kake neman barci. Tun 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa gwajin da ta yi a Balin, babban birnin Jamus, inda ta ga mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka gama. A 2011 kuma wasu masanan biyu, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa ba sai ka gama aikin ba tunanin zai lafa, in ka tsara takamaimai yadda za ka yi shi ma ya kan sake ka. To ka lura da kalmar nan, takamaimai, don nan ne yawancinmu muke zamewa.

Koma kan abin da ka rubuta ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar rabinsu ba ayyuka ba ne sam, sunayen damuwa ne kawai. "Mota." Motar me? Me za a yi mata? "Rahoto." "Lafiya." Irin wannan in idonka ya sauka a kai ƙwaƙwalwa sai ta fara lissafi daga farko, to me ma ya kamata in yi, wa zan nema, ina takardun suke, kuma da yake ka gaji sai ka tsallake zuwa na ƙasa da shi, gobe ma haka, jibi ma haka. Gyaran shi ne kowane layi ya fara da abin da hannu ko baki zai aikata. "Mota" ta koma "kira makaniki in ji ranar da zai duba birki". "Rahoto" ya koma "buɗe na watan jiya in kwafo jadawalin". "Lafiya" ta koma "nemo lambar asibitin haƙori". Wannan dabarar ta tambayar kanka mene ne mataki na gaba David Allen ne ya yayata ta a littafinsa Getting Things Done na 2001, kuma gaskiya a duk tsarin nasa ita na fi amfana da ita. Gwajin da nake yi wa kowane layi shi ne, in na miƙa wa wani takardar nan ba tare da na yi masa bayani ba, zai san abin da zai fara yi? In ba zai sani ba, ni ma ranar da na gaji ba zan sani ba.

Babban aiki mai matakai da yawa ka rubuta sunansa a gefe guda, amma mataki ɗaya tak za ka ciro, in ya ƙare ka ciro na gaba. Abin da ba zai wuce minti biyu ba kuwa kar ma ka rubuta, yi shi nan take, rubutawar ta fi yin sa cin lokaci. Sauran buri irin na "wata rana zan koyi Faransanci" ka ba su shafinsu daban. Ba jefar da su ka yi ba, ka dai hana su zama suna hararar ka kullum da safe.

Kalanda ta abin da ke da rana da awa ce kawai, mitin, ganin likita, ranar rufe karɓar fom, tafiya. Kar ka riƙa ƙirƙira wa kanka wa'adin ƙarya kana sa alam, na yi wannan sosai, alam ya buga in danne, ya sake bugawa in danne, har na saba da dannewa, ranar da na gaskiyan ya buga shi ma na danne shi ban ko duba ba.

Sai takardar yau, wadda ita ce za ka riƙa kallo. Abu uku. In ranar da sauƙi ka kai biyar, amma ka fara da uku ka gani. Na san za ka ce uku sun yi kaɗan, ni ma haka na ce, to zauna ka yi lissafi da gaske, ka cire awannin mitin da zirga-zirga da kiran da zai shigo da wanda zai leƙo ya ce minti ɗaya kawai ya cinye maka arba'in, ka ga awa nawa suka rage a hannunka. Masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky sun yi bayanin wannan halin namu tun 1979, cewa mutum kusan kullum yana raina lokacin da aiki zai ɗauka, ko da kuwa ya sha yin irinsa ya ga yadda ya ja shi. Shi ya sa duk abin da na ƙiyasta awa ɗaya nake ware masa ɗaya da rabi ko biyu. Kuma ka zaɓi ukun tun daren jiya, don in ka bari sai da safe saƙonnin mutane ne za su zaɓa maka.

Wajen zaɓen akwai maganar da Eisenhower, shugaban Amurka, ya kawo a wani jawabi a 1954 kan bambancin abu na gaggawa da abu mai muhimmanci, wadda daga baya aka mayar da ita akwatuna huɗu da ake ta zanawa. Ni dai ban taɓa iya riƙe akwatunan nan sama da kwana uku ba. Abin da na ɗauka a ciki ɗaya ne, a cikin ukun nan lallai ɗaya ya zama abin da ba wanda ke bina a kansa, karatu ne, motsa jiki ne, wani aikin kaina ne da na daɗe ina ɗagawa. Na gaggawa ba ya buƙatar taimakonka, masu shi za su kira ka ai.

Mafi wuyan cikinsu kuma ka ɗaura masa lokaci da wuri. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a kan wannan a 1999, cewa niyyar da aka ƙulla da "idan kaza ya faru zan yi kaza" ta fi cika a kan niyya zalla. Maimakon "zan rubuta rahoto yau", ka ce "da na ajiye jaka a ofis, kafin in buɗe imel, zan rubuta shafin farko". Kuma ɗaya bayan ɗaya don Allah, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Abin da ya rage da yamma ba ka yi ba, ka sake rubuta shi da hannunka a takardar gobe. Da hannu fa, ko da a waya kake ka goge ka sake bugawa. Masu amfani da Bullet Journal, tsarin jera ayyuka a jota da biro na Ryder Carroll, suna yin haka da gangan, saboda 'yar wahalar sake rubutawar ita ke sa ka tsaya ka tambayi kanka ko abin nan ma ya cancanta. Manhaja ba ta gajiya, za ta yi ta tura maka shi gaba har shekara da jan rubutu. In ka ga ka kwafi abu sau uku to akwai magana a ƙasa. Ko dai ya yi girma ba ka yanka shi ba, ko wani kake jira, sai ka mayar da shi shafin "ina jiran wane" da ranar da ka tambaye shi, ko tsoronsa kake ji kamar kiran da ka san ba zai yi daɗi ba, irin wannan ka sa shi farkon safiya ka huta, ko kuma ba ka son yin sa kwata-kwata kunyar gogewa kawai kake. Goge shi. In alkawari ka yi wa wani ka tura masa saƙo ka ce ba zai samu ba, ya fi masa a kan ya yi ta jiran gawon shanu.

Sau ɗaya a sati ka zauna da ma'ajiyar nan kamar rabin awa, ka soke waɗanda suka mutu, ka duba waɗanda kake jira, ka leƙa kalandar sati mai zuwa. In ka daina wannan zaman ma'ajiyar za ta koma juji, kuma da ka daina yarda da ita za ka koma ɗaukar komai a ka.

Maganar wace manhaja kuwa, duk wadda za ka iya buɗewa ka rubuta abu cikin daƙiƙa biyar ta isa, Google Keep ne, Todoist ne, Microsoft To Do ne, ko jota da biro. Sai dai ka duba ko tana bari ka fitar da bayananka, don manhajoji ma suna mutuwa, Wunderlist da mutane suka so sosai Microsoft ta saye ta a 2015 ta rufe ta a 2020. Ni yanzu ma'ajiyata na waya saboda kullum tana aljihu, ukun yau kuma a 'yar ƙaramar takarda da nake mannawa a gefen kwamfuta, da yamma in kwafi abin da ya rage in yaga ta.