Tayar mota a bayan babban babur na doguwar tafiya: zaɓe, ɗaurawa da inda abin ke ɓaci

A Amurka da Kanada, inda mai babur zai yi kwana uku yana bin miƙaƙƙen titi, akwai masu manyan babura da suka daɗe suna cire tayar babur daga baya su saka ta mota. Darkside suke kiran abin. An fi ganinsa a Honda Gold Wing da Valkyrie da Triumph Rocket III, babura masu nauyin kilo 300 zuwa sama da 400 tun kafin mutum biyu su hau da kayansu. Dalilin masu yi ba ɓoyayye ba ne. Tayar baya ta Gold Wing takan ƙare tsakanin kilomita 13,000 da 20,000, kuma tsakiyarta ce ke fara sulɓewa, gefen yana nan sabo. Tayar mota a wurin takan ninka haka, ga sauƙin kuɗi, ga ta a kowane shagon taya na kan hanya. Wanda ya shiga gasar Iron Butt Rally, inda ake cin kusan mil 11,000 cikin kwana 11, ya san asarar da tsayawa canjin taya ke jawowa.

Sai dai Honda ba ta amince da wannan aiki ba, manyan kamfanonin taya ma haka, kuma suna da hujja ta gaske wadda za a gani nan gaba. A Ingila, babur mai ƙafa biyu da ke ɗauke da tayar mota ba ya tsallake MOT, binciken lafiyar abin hawa na shekara-shekara. A Jamus ma dole taya ta dace da wadda aka amince wa babur ɗin. Saboda haka kafin ka taɓa noti ɗaya, ka duba dokar inda kake, sannan ka tambayi kamfanin inshorarka ya ba ka amsa a rubuce. Amsar baki ba ta da amfani ranar da aka yi haɗari.

Wili ne tushen maganar

Mutane sun fi yin gardama kan yadda tayar mota ke shan kwana, alhali babban haɗarin yana inda taya ta haɗu da wili. Wilin mota da na babur ba siffa ɗaya aka yi musu ba, ko da lambar incinsu ta zo ɗaya. A wilin mota, bangon da ke tare leɓen taya tsayinsa kusan milimita 17 ne, a na babur kusan 14. Leɓen tayar mota kuma ya fi kauri, an yi shi ne don shimfiɗa mai faɗi. A cikin wilin tubles akwai ɗan tudu da ke zagaye, aikinsa ya kulle leɓen taya kada ya zame ciki idan iska ta ragu. A wilin babur, tazarar da ke tsakanin wannan tudu da bango ta yi wa leɓen tayar mota kaɗan, don haka maimakon leɓen ya faɗa bayan tudun ya kulle, wani ɓangarensa a kan tudun yake zama. Tayar za ta riƙe iska, za ta yi dubban kilomita, amma makullin da aka tanada don ranar faci bai cika aikinsa ba. Duk mai son yin wannan aiki ya san da haka ya shiga.

Sannan akwai batun inci. A wili mai inci 16, bambancin faɗin da'ira tsakanin na mota da na babur bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa tayar ke hawa. A inci 15 kuwa labari ya sha bamban: wilin babur ya fi na mota girma da kusan milimita 3. Wato tayar mota ta yi wa wilin kaɗan, kuma mai ɗaurawa zai yi ta dura iska don ta hau har wayar ƙarfen da ke cikin leɓen ta tsinke. Irin wannan fashewa tana karya hannu, tana kashe mutum. Idan wilin bayan babur ɗinka inci 15 ne, ka bar maganar tayar mota gaba ɗaya.

Lissafin girma

Abin da ake nema shi ne tsayin sabuwar taya ya yi kusa da na asali, bambancin kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Lissafin mai sauƙi ne. Gold Wing GL1800 na 2001 zuwa 2017 yana zuwa da 180/60R16 a baya, wato faɗin taya milimita 180, tsayin bangonta kashi 60 na faɗin, wili inci 16. Kashi 60 na 180 shi ne milimita 108, tsayin bangon taya ke nan. A ninka biyu, 216, a haɗa da wili, inci 16 sau 25.4 wato 406.4, a samu 622.4. Tayar mota 195/55R16 idan aka yi mata wannan lissafi tana ba da 620.9. Tazarar milimita ɗaya da rabi ce kawai, shi ya sa ta zama lambar da kusan kowa ke amfani da ita a wannan babur. A lura dai cewa an tsara ta ne don wili mai faɗin inci 5.5 zuwa 7, na wannan Gold Wing kuwa inci 5 ne, don haka a matse take zama, fuskarta ta ɗan yi doro.

Gold Wing na 2018 zuwa yau yana da 200/55R16, tsayi 626.4, kuma 195/55R16 da 205/55R16 duk suna cikin kashi ɗaya na wannan. Tsohon Valkyrie mai 180/70R16 da 205/60R16 ake haɗa shi. Idan tsayin ya kauce da yawa, agogon gudu zai yi ƙarya, kuma a babur mai ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) ko na'urar hana santsi, kwamfutar da ke kwatanta juyin tayar gaba da ta baya za ta rikice.

Nauyin da taya ke ɗauka ba ya zama matsala. Lambar 74 da ke jikin tayar asali ta GL1800 tana nufin kilo 375, 87 na tayar mota kuma kilo 545. Harafin gudu kada ya gaza na asali: H kilomita 210 ne a awa, V kuma 240.

Wajen zaɓen iri, nemi mai zagayayyiyar kafaɗa, ka guji mai kaifin kusurwa, domin a kan kafaɗar nan babur zai riƙa hawa duk sanda ya kwanta. Zanenta ya zama iri ɗaya hagu da dama. Akwai tayoyin mota da aka rubuta wa gefen waje da gefen ciki, zanen ɓangarorin ya bambanta, kuma a babur hakan na sa kwanar hagu da ta dama su zo da hali biyu. Da yawa sun fi son irin da ke iya tafiya ba iska, mai ƙaƙƙarfan bango, saboda ba ta durƙushewa lokaci ɗaya idan ƙusa ta shiga. Amma ta fi nauyi, ta fi wuyar ɗaurawa, kuma iska za ta iya zurarewa ba ka ji ba, don haka ba a hawa ta sai da na'urar da ke nuna iskar taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin bangon taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2423 mako na 24 ne na 2023. Sabuwa za ka saya. Tayar gwanjo wadda ba ka san ramin da ta faɗa ba ba ta da wuri a babur.

Ɗaurawa

A GL1800 hannu ɗaya ne ke riƙe da wilin baya, da noti biyar kamar na mota. Sassauta su tun taya tana ƙasa, babur yana giya, sannan a ɗaga shi a babban jak na tsakiya a ɗaure gaba kada ya gangara. Idan akwai na'urar awon iska a gindin bawul, nuna wa mai ɗaurawa inda take kafin ya danna leɓen tsohuwar taya, domin nan ake yawan fasa ta. A wanke cikin wilin tas, a kankare ragowar roba, a duba ko akwai lanƙwasa ko tsaga. A canja bawul, mai jikin ƙarfe ya fi, saboda lanƙwasasshen bawul na roba yana tsagewa daga gindi idan ya tsufa.

A bar sabuwar tayar ta sha rana kamar awa ɗaya don ta yi laushi. A shafa man ɗaura taya sosai a leɓe biyu da kan wili. Kada a sa giris ko baƙin mai ko fetur, suna cin roba kuma suna sa taya ta juya a kan wili idan an taka birki. Da injin ɗaura taya za a yi, musamman mai ƙaƙƙarfan bango, domin ƙarfen hannu yana ƙwarzane wilin alminiyum.

Wajen dura iska don leɓe ya hau, iyaka ita ce psi 40 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Wannan ƙa'idar masana'antar taya ce, kuma a wannan aiki ta fi ko'ina muhimmanci. Idan an kai 40 bai hau ba, a sace iskar duka, a danne leɓen, a juya tayar kaɗan a kan wili, a ƙara mai, a sake gwadawa. Za ka ji masu cewa sai da suka kai 70 ko 80 ta hau. Kada ka bi su, ko da leɓen bai tsinke a lokacin ba, ba ka san abin da ya samu wayar ciki ba. A yi amfani da tiyo mai maƙalewa a bawul, mutum ya tsaya nesa, wili yana cikin keji in akwai. Bayan ta hau, duba siririn layin da ke zagaye bangon taya kusa da wili, tazararsa da bakin wili ta zama daidai ko'ina, ɓangare biyu. Idan ya nutse a wani wuri, ba ta zauna ba. Sai a yi balansin.

A mayar da wili, zaren noti a bushe ba mai, a ɗaure su tsallake-tsallake da sifana mai awon ƙarfi har Nm 108 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a GL1800. A sake gwada su bayan kilomita 100.

Kafin a sauke babur, juya tayar da hannu ka leƙa ko'ina: hannun da ke riƙe da wili, tiyon birki, salansa, cikin madigadi. Ka nemi sararin da bai gaza milimita 6 ba. Wannan bai wadatar ba, domin kafaɗar tayar mota ta fi ta babur tashi, kuma sai an yi lodi shok ya nutse take taɓa sama. Shafa alli a kafaɗun, ɗauki mutum da kaya, bi hanya mai gargada a hankali, dawo ka duba inda allin ya goge da inda ya bar shaida. A Valkyrie an san inda take gogawa: ƙananan gidajen noti da ke cikin madigadin baya, shi ya sa masu shi ke cire su kafin su sa 205/60R16.

Iska da hawa

Psi 41 da Honda ta rubuta wa bayan GL1800 na tayar babur ne. A tayar mota yawanci tsakanin 28 da 36 ake samun daidai, masu ƙaƙƙarfan bango a ƙasa-ƙasa, masu laushi a sama. Fara da 32 taya tana sanyi, ka riƙa motsawa da psi 2 kana gwadawa a hanya ɗaya. Idan iska ta yi kaɗan, bayan babur zai riƙa lilo a doguwar kwana, bangon taya ya yi zafi. Idan ta yi yawa, bangon ba zai lanƙwasa ba, babur zai hau kan kafaɗa kawai, tsakiya kuma ta cinye da wuri. Fitilar gargaɗin iska tana iya kunnuwa tunda an saita ta ne da 41. Kada hakan ya sa ka daina kula da ita, ka riƙa aunawa da geji kowace safiyar tafiya.

Tayar babur zagayayya ce, idan ta kwanta da kanta take jan babur cikin kwana, kamar kofin da aka kwantar a ƙasa aka gangara shi. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, kullum so take ta koma ta zauna daram. Saboda haka babur zai nemi miƙewa a tsakiyar kwana, dole hannunka ya ci gaba da danna kan babur ta ɓangaren da kake juyawa har ka fita. Wanda ya saba sakin hannu bayan ya kwantar da babur zai ga ya buɗe ya nufi layin wasu.

Inda aka fi faɗuwa kuwa a tafiyar hankali ne. Idan gefe ɗaya na tayar ya hau tudu, ko bakin kwalta, ko sawun da manyan motoci suka haƙa, tayar za ta bi shimfiɗar ƙasa ta ture babur zuwa ɓangaren gangare. Kilo 400 idan ya fara tafiya gefe, ƙafa ɗaya ba ta tare shi. Ka riƙa duban inda za ka tsaya tun daga nesa, ka hau bakin kwalta a miƙe, ba a karkace ba. Kilomita 200 na farko ka yi su kai kaɗai, ba fasinja, ka fara a fili kana zagaye da birki kafin ka shiga babban titi.

Gaba kuwa tayar babur ce har abada, ba a sa ta mota a can ko da wasa.

A ganina wannan aiki yana da ma'ana ne kawai ga mai babur mai nauyi da wili inci 16, wanda yawancin tafiyarsa miƙaƙƙen titi ne da lodi ko jan tirela. Mai bin hanyoyin duwatsu masu kwana, abin da zai rasa ya fi kuɗin da zai tara. Babur mai ƙafa uku ko mai akwatin fasinja a gefe ba ya kwanciya, don haka shimfiɗaɗɗiyar taya ta dace da shi, in an haɗa ta da wilin mota. Ƙananan baburanmu irin Bajaj Boxer da Jincheng, masu siririn wili, ba sa cikin wannan magana sam.

Bayan an ɗaura, duk kilomita 1,000 ka ɗaga babur ka duba kafaɗu biyu da bangon taya, domin can tayar mota ke shan wahalar da ba a yi ta dominta ba. Kumburi, tsaga kusa da leɓe, baƙin garin roba a bakin wili, ko iska da ke raguwa ba tare da ƙusa ba, kowanne daga ciki ya isa a cire tayar a ranar, ko da zanen tsakiyarta bai taɓu ba.