Yadda ake yi wa faifan golf rinin adire a gida

Rinin da muka tashi muka gani a Kano ba ya kama faifan golf, wato faifan roba da ake jefawa da hannu zuwa cikin kwando a wasan da ake kira disc golf, kuma a nan yawancin masu farawa suke yin asarar kuɗinsu. Na ga samari sun ɗauki faifai sun nufi wajen masu rinin shadda, wani ma har marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, a ganinsa wurin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana rina zane da rawani ɗan faifan roba ba zai gagare shi ba. Ana zuba wa faifan ruwa sai launin ya bi rariya. Ba gazawar masu rinin ba ce. Baba da rinin kostik duk domin zaren auduga aka yi su, a cikin zaren suke maƙalewa. Roba kuwa ba ta da inda za su maƙale. Abin da yake shiga jikinta shi ne rinin yadin foliyesta, wanda ƙwayoyinsa ke ratsa robar sannu a hankali, musamman idan ta ji ɗumi.

Don haka ka nemi iDye Poly na gari, ko Rit DyeMore na ruwa. Ka lura da kyau, akwai iDye da Rit na auduga, kwalinsu ya yi kama, kuma ba za su yi maka komai ba. Ni na gari nake so, domin ya fi ƙarfi kuma fakiti ɗaya yana rina faifai masu yawa. Idan za ka tambaya a kasuwa wajen masu sayar da kayan rini, ka ce na foliyesta kake nema, kuma ka gwada kaɗan kafin ka sayi da yawa. Launi uku sun ishe ka: ja, rawaya da shuɗi.

Sai faifan kansa. Tun da yawancin waɗanda ke hannunmu daga Amurka ko Turai ake kawo su, kuma ba su da arha, ka san wanda za ka taɓa. Robar Star da Champion ta kamfanin Innova, da ESP da Z ta Discraft, suna shan rini sosai. Robar DX ta Innova da sauran roba mai arha kuwa launin yakan fito dishi-dishi, ya kuma koɗe da wuri. Faifan wasan yara da ake sayarwa a shagunan kayan wasa ma kada ka wahalar da kanka, irin robarsa ba ta karɓar rini. Kuma fari za ka nema. Rini ba ya rufe launin da ke ƙarƙashinsa, haɗuwa yake yi da shi: shuɗi a kan faifai rawaya kore zai ba ka, rawaya a kan faifai ja kuwa ba za ka ma gan shi ba.

Ka wanke faifan da sabulun wanke-wanke, ka bar shi ya bushe, daga nan kada yatsanka ya sake taɓa fuskarsa, maiƙon hannu yana barin tabo. Tambarin kamfani da ke samansa rini ba ya ratsa shi. In kana son sa ka bar shi, in ba ka so ka jiƙa auduga da ruwan goge farce mai asiton ka share shi da sauri, ka ɗauraye nan take. Asiton yana cin roba idan ya daɗe a kai, kuma yana kama wuta, saboda haka a tsakar gida za ka yi wannan, nesa da risho da tukunyar gas.

Faifai ba ya ɗauruwa da zare yadda ake ɗaure yadi. Dabarar ita ce ka zana adiren a kan shimfiɗa mai laushi, ka kifa faifan a kai, zanen ya hau jikinsa. 'Yan ƙasashen waje sun fi amfani da kumfar aski, amma a zafin garin nan kumfa tana saurin zubewa, kafin rinin ya gama kamawa ta zama ruwa, zanen ya cakuɗe. Man shafawa fari mai ruwa-ruwa ya fi, mafi arha da ka samu, babbar roba. Ban da basilin, ban da man kaɗanya, waɗannan toshe rinin suke yi. Ka samu tire mai faɗin da ya ɗan ɗara faifan, shi faifan bai gaza santimita 21 ba, to tire mai santimita 25 ya yi. Wanda ya tsufa za ka ɗauka, domin ba zai sake komawa kicin ba. Ka zuba man ya kai kaurin rabin gaɓar yatsa, ka baje shi da tsohon katin ATM har ya yi sumul, sannan ka ɗan buga tiren a ƙasa iskar da ke ciki ta fito.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa, kuma nan nake so ka natsu.

Ka sa safar hannu. A ƙaramin kofin roba ka narkar da rabin cokalin shayi na garin rini da ruwan zafi cokali biyu, ka juya har ba sauran gudaji, domin kowane ɗan gudaji ɗigo ne baƙi zai bari a faifan. Sannan ka zuba man shafawa kamar babban cokali huɗu ka gauraya. Kaurinsa ya zama kamar na kunun gyaɗa: in ka ɗiga shi a kan shimfiɗar ya zauna inda ka sa shi, kada ya bazu, kada kuma ya nutse. Masu farawa tsinkewa suke sa ya yi, don suna ganin mai ruwa zai fi saurin kamawa, sai launukan su malala cikin juna tun kafin a kifa faifan. Kowane launi da kofinsa da sirinjinsa. Sirinjin da ba allura ya fi cokali nesa ba kusa ba, kuma kowane kemis akwai shi.

Ka fara daga tsakiyar tiren. Ka ja layin ja mai lanƙwasa yana zagayawa zuwa baki, ka bi gefensa da rawaya, ka bi gefen rawayar da shuɗi, ka sake dawowa kan ja, har tiren ya cika. Wannan jerin ba don ado kawai na zaɓe shi ba. Inda ja ya taɓa rawaya ruwan lemo zai fito, rawaya da shuɗi su ba ka kore, shuɗi da ja su ba ka shunayya, ka ga da launi uku ka samu shida. Amma duk inda ukun suka haɗu wuri guda, ruwan ƙasa ne mai datti, kuma babu gyara. Shi ya sa nake barin ɗan fili tsakanin layuka, kamar kaurin tsinken ashana, domin da kansu za su matso idan faifan ya danne su. Rawayar ka yi mata layi mai faɗi, ita ce mai rauni, shuɗi yana cinye ta.

Sai tsinken sakace. Ka dasa shi a tsakiya ka ja shi zuwa baki sau ɗaya, ka goge shi da tsumma, ka matsa kaɗan ka sake ja. Wannan jan ne yake fitar da zaren-zaren da ke sa zanen ya yi kama da yadin da aka murɗa aka ɗaure. Abin da na fi gani yana kashe aikin mutane shi ne daɗin wannan mataki. Mutum ya ga launi yana gudu a ƙarƙashin tsinke, sai ya kasa tsayawa, ya yi ta kai da komo har komai ya zama launi ɗaya. Layin da ka ja kada ka sake bi ta kansa. Ka zagaye tiren sau ɗaya ka ajiye tsinken, ko da kana ganin wani gefen bai yi maka ba. Ka kuma tuna abin da ka zana a juye zai fito, in ka murɗa dama, a faifan hagu zai nufa.

Ka riƙe faifan ta gefensa, fuskarsa tana kallon ƙasa, ka fara sauke gefe ɗaya sannan ka kwantar da sauran a hankali don iska ta samu hanyar fita. Ka ɗan danna har man ya kai bakinsa. In robar mai haske ce irin Champion, ta baya za ka hango kumfar iska, ka danna wurin kaɗan ta gudu. Da zarar ya zauna, ya zauna ke nan, ba juyawa, ba ɗagawa a leƙa.

Ka rufe tiren da leda ka ajiye a ɗaki inda yara ba za su kai ba. A watannin Maris zuwa Mayu kwana ɗaya ya isa, zafin garin yana yi maka rabin aikin. Da hunturu ka ba shi kwana biyu, ka kuma ɗaure ledar sosai, iskar lokacin tana busar da man, ga ƙura. Kada ka kai shi rana ko saman kwano ko cikin mota don ya yi sauri, faifan zai lanƙwashe, kuma faifan da ya lanƙwashe ba ya tashi daidai.

Ka ɗaga shi tsaye, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu har ruwan ya daina fita da launi, ka goge. Nauyinsa ba ya canzawa, kuma dokar PDGA, hukumar wasan da aka kafa a 1976, ta yarda da rini a gasa tun da ba ya ƙara wa faifai kauri, fenti ne ta hana. Sabon rini yakan ɗan shafi faifan da ya jingina da shi, to ka ware shi daga farare na 'yan kwanaki kafin ka mayar da shi jaka. Man da ya rage a tiren ka kwashe a leda ka zubar a shara, kada ya bi kwata inda kaji suke kiwo.