Rage nama, ƙara wake: abin koyi daga Chris Paul

Jama'a, musamman waɗanda shekaru suka fara ja, ga shawara. Chris Paul, ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya daina cin nama a 2019, ya ce ciwon jikin da ke biyo bayan wasa ya ragu. A kakar 2024 zuwa 2025, yana da shekara 39, ya buga wa San Antonio Spurs duk wasanni 82.

Ba sai kun bar nama lokaci guda ba. Ku fara da abincin dare: wake, awara, gyaɗa, kwaɗon zogale, amma a sassauta mai, don soyayyiyar awara ma tana shan mai sosai. Wanda kuwa ya bar nama, ƙwai da madara gaba ɗaya, don Allah ya tuntuɓi likita kan bitamin B12, tsirrai ba sa bayar da shi.