Yadda Kirista Zai Bayyana Bangaskiyarsa a Fili Ba Tare da Girman Kai Ba

A cikin wa'azin da Yesu ya yi a kan dutse akwai umarni biyu da kan rikita mai karatu idan aka jera su wuri ɗaya. A Matiyu 5:16 ya ce wa almajiransa su bar haskensu ya haskaka a gaban mutane domin a ga kyawawan ayyukansu, amma da aka shiga sura ta 6 sai ya gargaɗe su kada su yi ayyukan adalci a gaban mutane don a gan su. Wanda ya lura da ƙarshen kowace magana zai gane inda hanya ta rabu. A ta farko, masu gani ne za su ɗaukaka Uba da ke sama, a ta biyu kuwa yabon yana tsayawa a kan mai aikin, kuma Yesu ya ce irin wannan mutum ya riga ya karɓi ladansa. Don haka kafin ka yi wani abu na ibada a bainar jama'a, ka tambayi kanka sunan wa mutane za su tafi da shi a baki idan taron ya watse.

Ka fara da auna abin da kake yi a fili da abin da kake yi a ɓoye. Idan addu'ar da kake yi a gaban ikkilisiya ta fi wadda kake yi a ɗakinka tsawo da zafi, to akwai gyara, kuma a ɗakin ya kamata gyaran ya fara. Daniyel ya nuna yadda wannan yake. Da Sarki Dariyus ya sa hannu a dokar da ta hana roƙon kowa sai shi har kwana 30, Daniyel ya hau ɗakinsa na sama mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana, kuma nassi ya ƙara da cewa ya yi hakan ne kamar yadda ya saba. Bai rufe tagogin don tsoro ba, bai kuma fito dandali don a san jarumtarsa ba. Idan aka ba ka addu'a a taro, ka yi ta da irin muryar da kake magana da Allah kullum, ka roƙi abin da aka taru dominsa, ka guji mayar da addu'a wa'azi ko hanyar jefa wa wani na kusa da kai habaici.

Bayarwa ita ce wurin da aka fi zamewa, domin a nan nuna kai yakan sa rigar ƙarfafa wasu. Yesu ya yi maganar masu busa ƙaho idan za su ba da sadaka, a yau kuwa wayar hannu ta ɗauke wa ƙaho aiki. Kowa ya san irin hoton nan da ake sakawa a Facebook: mai bayarwa yana murmushi yana kallon mai ɗaukar hoto, gwauruwar da aka taimaka kuwa ta sunkuyar da kai, hannunta ɗaya a kan kayan, ɗayan yana jan mayafi ya rufe fuska. An ba ta abin da za ta ci, an kuma karɓi mutuncinta a madadinsa. Idan aikin na ƙungiya ne kuma dole a yi wa waɗanda suka ba da kuɗi bayani, a ba da lissafi dalla-dalla, a nuna kayan, a bar fuskokin mabukata, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa ta gaskiya, wadda zai iya hanawa ba tare da ya rasa taimakon ba. Idan kuwa daga aljihunka ne, ka saba wa kanka yin wata kyauta da babu wanda ya sani, har wanda aka ba ɗin ma in zai yiwu. Yana da kyau a tuna da Hananiya da matarsa Safiratu a Ayyukan Manzanni sura ta 5, waɗanda suka sayar da gona, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo wa manzanni sauran. Bitrus ya faɗa wa Hananiya sarai cewa gonar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa, babu wanda ya tilasta masa kawo duka. Abin da ya hallaka su shi ne ƙaryar da suka yi domin a ɗauke su kamar sun ba da duka, irin yadda Barnaba ya sayar da tasa gonar ya kawo wa manzanni kuɗin.

Ba da shaida ma yana bukatar shiri. Kafin ka tashi a gaban jama'a, ka maimaita abin da za ka faɗa a zuciyarka, ka lura sau nawa ka ambaci kanka da azuminka da naciyarka, sau nawa kuma ka ambaci jinƙan Allah. Ka cire farashin abin da ka samu da sunayen manyan da ka gana da su, ka kuma tuna cewa a cikin masu sauraro akwai wanda ya yi irin addu'arka shekara da shekaru bai ga amsa ba, don kada maganarka ta sa ya ji kamar Allah ya fi son ka. Manzo Bulus, a 2 Korintiyawa 12, ya ba da labarin ɗauke shi da aka yi zuwa sama ta uku kamar labarin wani mutum dabam, abin da ya faru shekara 14 kafin ya rubuta wasiƙar, sa'an nan ya wuce kai tsaye zuwa maganar ƙayar da aka sa masa a jiki don kada ya yi girman kai.

Idan an yabe ka bayan waƙa ko wa'azi, ka ce na gode, ka ba Allah girma a taƙaice, ka wuce. Doguwar musun cewa kai ba kome ba ne sau da yawa hanya ce ta neman a ƙara yabon, kuma masu sauraro sukan gane. Amma idan yabon ya kai inda ake ba ka abin da ke na Allah, sai ka tsayar da shi nan take, yadda Bulus da Barnaba suka kece tufafinsu a Listira lokacin da aka ɗauke su alloli.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda a ganina ba a cika tsawatar masa ba, wato mutum ya yi shiru don kunya ko tsoro, sa'an nan ya kira shirun tawali'u. Yesu ya ce duk wanda ya shaida shi a gaban mutane, shi ma zai shaida shi a gaban Ubansa. Idan an tambaye ka abin da ka gaskata a wurin aiki ko a makaranta, ka amsa ba tare da kwana-kwana ba, amma bisa ga 1 Bitrus 3:15, da tawali'u da ladabi. Wannan yana nufin ka saurari mai tambayar har ya gama, ka ce ba ka sani ba idan ba ka sani ba, kada kuma ka yi wa addinin wani ba'a domin naka ya fito.

Da yake gwano ba ya jin warin jikinsa, wannan awon ba ya kammala a hannun mutum shi kaɗai. Ka nemi wani ɗan'uwa cikin Ubangiji da ya san ka a gida da waje, wanda ba ya cin abinci a hannunka kuma ba ya jin nauyinka, ka roƙe shi ya riƙa duba abin da kake wallafawa da yadda kake magana a taro. Ka yi masa tambaya takamaimiya, kamar ko shaidar da ka bayar ta yi tsawo, ko kuma wace magana ce ya kamata ka bari a cikinka. Idan ya faɗa maka abin da ba ka so, kada ka kare kanka a ranar. Ka bari a kwana biyu, ka kai maganar gaban Allah, sa'an nan ka koma wurinsa ka gaya masa abin da za ka canza.